Lamba Sittin da Uku da Kuka Ba Wani

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiya, da Babban Koci, da ma'aikatan ofishin kulob ɗin ƙwallon Kanada da ɗana Bashir ya yi wa wasa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da 'yan wasanku, da fatan sanyin da aka ce ya shigo muku ya zo da sauƙi.

Bayan haka, sunana Isa, tela ne ni a unguwar Utaibiyya, nan Makka. Asalina mutumin Kano ne, na zo aikin Hajji da mai ɗakina muna da ƙuruciya, Allah ya yi zamanmu a nan. Ni ne mahaifin Bashir, wanda ya sa rigarku mai lamba sittin da uku tsawon kaka uku, kuka sallame shi a cikin ta huɗu. Da gangan ban ambaci sunan ƙungiyarku ba, ba tonon asiri na zo yi ba, ku kun san kanku. Da Hausa na rubuta saboda in raina ya ɓaci Larabcina gudu yake yi, Turanci kuwa ba ni da shi. Akwai wanda zai fassara muku. Na buɗe wasiƙar kowa ya gani ne saboda sau huɗu ana aika muku saƙo a rufe, ko "mun gani" ba wanda ya ce.

Bari in faɗi buƙatata tun yanzu, don kada ku gaji kafin ku kai gare ta. Mahaifiyar Bashir idonta tafiya yake yi. Ciwon suga ya cinye na hagu, na dama ma likita ya ce ba zai daɗe ba. Rabonta da ganin ɗanta ido da ido shekara shida. Mu ba mu da halin fita Makka, takardunmu ba irin na mai fita ya dawo ba ne. Shi ya kamata ya zo, kuma takarda guda ɗaya daga ofishinku ce ta tsare shi. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin yadda muka zo nan ne.

A unguwar Nakkasa, nan Makka, aka haifi Bashir, a wani ɗaki a kan dutse wanda yanzu ko alamarsa babu, an rushe wajen. Da ya kai shekara goma sha biyar muka tura shi Kano wajen yayan mahaifiyarsa don ya yi karatu. Daga can Allah ya buɗe masa hanyar jami'a a ƙasarku. Yaro ne ƙato tun yana goye, kocin makaranta ya gan shi ya ce wannan jikin ba na zaman aji kaɗai ba ne. Ranar da ya bugo ya ce ya samu aikin ƙwallo, na ɗauka irin wadda muka sani ce, ta ƙafa. Da na ga bidiyon farko na ce inna lillahi, yaron nan dambe ya shiga yake ɓoye mini.

Amma na koya. Ni da ban taɓa zama kallon wasa ba, na zauna na koyi naku kamar mai koyon ɗinkin hannu. Na gane ana ba ku dama uku ku ci yadi goma, kuma yadi goma ba baƙon abu ba ne a wajen tela, babbar riga ce da 'yar ciki da wando. Na gane mutum goma sha biyu ne a kowane ɓangare. Na gane akwai maki ɗaya tilo da ake ba wanda ya doka ƙwallo ta wuce ba a fito da ita ba, wanda har yau dariya yake ba ni. Na kuma gane aikin ɗana: yana cikin ƙattin nan biyar da ke durƙusawa a gaba su tare wa mai jefa ƙwallo, kada a danne shi. Ba sa taɓa ƙwallo, ba a tafa musu, ba a kiran sunansu sai sun yi laifi alƙali ya jefa ƙyalle.

Akwai wani abu na al'adarmu da in ban bayyana muku ba, ba za ku fahimci girman abin da ya faru ba. Bashir ɗan fari ne. A wajenmu, macen da ta tashi a gidan kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta nuna tana son sa. Mai ɗakina irin waɗannan matan ce, na da. Shekara ashirin da takwas ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In dole ta kama sai ta ce "ɗan gidan Yaya". In ya kira ta bidiyo ranar Juma'a, sai ta leƙo ta amsa gaisuwa, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma kicin tana buga tukwane, alhali na san kunnenta yana wajenmu. 'Yarmu Asiya, wadda a nan ta tashi kuma Larabci ya fi ƙarfi a bakinta, ta sha yi mata tsiya a kan wannan, ba ta canza ba.

Wasanku ne ya ba ta mafita. Ai ƙwallo take kallo, ba ɗanta ba, wa zai ce ta yi rashin kunya? Ku kuna bugawa mu muna barci, saboda haka washegari Asiya take saukar da wasan a waya ta haɗa mana da talabijin, bayan la'asar in rufe shago mu zauna. To hular kwanon nan taku ta rufe fuska, duk ƙattin iri ɗaya ne. Ita kuma ba ta san lambobin boko ba. Na yanko kwalin da ake naɗe shadda, na zana mata shida da uku manya, ta ce na farkon ludayi ne a tsaye, na biyun ƙugiya biyu. Ta jingina kwalin a gindin talabijin, ta jawo kujera har gwiwarta tana taɓa teburin. Tun daga ranar ta samu sunan da za ta iya faɗa. "Sittin da uku ya ci abinci kuwa?" Haka take tambayata. In ta je ɗawafi, da wannan sunan take roƙa masa tsari. Wata rana na tsokane ta na ce Hajiya, mala'iku sun san lambar nan kuwa? Ta ce wanda ta roƙa ya sani.

Yanzu ga ƙorafina.

Na farko, kakar bana. Ina magana a matsayin mai goyon bayanku, domin na zama ɗaya, ko ina so ko ba na so. Kun fara kakar muna tsakiyar hidimar alhazai, ina kai ɗinki unguwar Kudai ina dawowa a guje don kada a fara kallo ba ni. Kun fara da kyau, wallahi har na fara yi wa maƙwabtana alfahari da ƙungiyar da ba su san tana duniya ba. Daga tsakiya komai ya watse. Layinku na gaba ya zama kamar zanen da aka ɗinka da ruɓaɓɓen zare, ko ina aka ja sai ya buɗe. Mai jefa muku ƙwallo, yaro mai hannu da ido, ya koma gudun ceton rai, ana kirɓa shi da ƙasa yana tashi yana ɗingishi. Wasa nawa kuka riƙe har minti ukun ƙarshe a gidanku, a gaban mutanenku da suka zauna cikin sanyi, kuka saki? Ranka ya daɗe Koci, saura yadi ɗaya a dama ta uku, kana tsakiyar fili, an fi ka da maki kaɗan, sai ka sa a doka ƙwallo a ba abokan hamayya. Yadi ɗaya fa! Ko rigar jariri ba ta fita a ciki. Ka yi haka ne don ba ka yarda da ƙattinka na gaba ba, kuma kai ka san dalilin da ya sa ba ka yarda da su ba. Ban ce ɗana kaɗai ne ya riƙe layin ba. Amma duk mai ido ya ga daga wane wasa ɓangaren hagu ya fara yoyo.

Na biyu, yadda kuka rabu da shi. A watan Muharram gwiwarsa ta fara ciwo. Ya faɗa muku. Aka ɗaure ta, aka ce ya daure wasa biyu saboda babu wanda zai maye gurbinsa, ya daure. Haka na tarbiyyantar da shi, in mai gida ya ce a taimaka ba a cewa a'a, kuma yau ina cizon yatsa a kan wannan tarbiyya. A wasa na biyun gwiwar ta tafi gaba ɗaya. Bayan 'yan makonni likitanku ya rubuta ya samu sauƙi, washegari aka kira shi ofis aka ce ya kwashe kayansa. Mutumin da aka ce ya warke, har yau da sanda yake hawa bene. Na san wasa sana'a ce, ana ɗauka ana sallama, ni ma na sallami masu aiki a shagona. Amma ban taɓa sallamar wanda allurar kekena ta huda wa yatsa ba tun jinin bai tsaya ba.

Na uku, lambar. Ko mako guda ba a yi ba kuka cire rigar daga ƙusa kuka ba wani. Na san a wajenku ba komai ba ne, riga ce a ɗakin ajiya, ƙaton da ya zo ita ce daidai shi. Ba na zargin yaron da ya sa ta, ko kusa. Amma da a ce akwai mutum ɗaya a ofishinku da ya taɓa zama da Bashir ya tambaye shi su wa suke kallonsa a gida, da an bar rigar ta huta ko zuwa ƙarshen kaka. Sunan da mace ta samu ta kira ɗanta da shi bayan shekara ashirin da 'yan kai, shi kuka miƙa wa baƙo.

Na huɗu, abin da kuka jefa ni ciki, ko da yake a nan laifina ya fi naku. Ranar da aka sallame shi Bashir ya kira ni ina shago. Ƙaton nan kuka yake yi kamar yaro. Ya roƙe ni don Allah kada in faɗa wa Ummansa, sugarta ba ta son tashin hankali, ya ce in bari ya gyara takardunsa ya zo da kansa ya gaya mata. Na yarda. Na ɗauka mako biyu ne ko uku.

Wata uku na yi ina wannan aiki. Kafin a sa wasa sai in karɓi wayar Asiya in kalla ni kaɗai a shago, in haddace duk inda sabon yaron ya cire hula ko aka haska bayan rigarsa kusa, inda aka rubuta sunansa, don in tsallake wajen. Na rage muryar talabijin na ce surutun Turawan nan yana sa ni ciwon kai. In yaron ya tare abokin hamayya da kyau in ce kin ga sittin da uku, ta ɗaga hannu ta ce Allah ya ƙara tsarewa. In an kayar da shi ta dafe ƙirji. Ni kuma in tashi daga nan in yi alwala in tafi Harami sallar magariba, in tsaya ina kallon Ka'aba da bakin da ya gama shirga wa matata ƙarya. Shekara sittin da ɗaya gare ni. Ban taɓa jin na ƙasƙanta a idon kaina kamar a watannin nan ba. Asiya ma ta daina zama kallon, sai ta haɗa mana ta fita, ta ce ita zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Na biyar, takardar. Izinin zaman Bashir a ƙasarku a kan aikinku yake. Da kuka sallame shi ya nemi a canza masa, lauyarsa ta ce in ya fita ƙasar kafin a gama, zai iya rasa komawa, ga aikin gwiwa da za a yi masa ba a yi ba. Abin da ya rage a cikin takardunsa shi ne shaida daga gare ku cewa ya yi muku aiki daga lokaci kaza zuwa kaza, kuma a bakin aiki ya ji ciwo. Shafi ɗaya. Ba ƙarya aka ce ku rubuta ba, abin da dubban mutane suka gani a fili ne. Shi ya rubuta sau biyu, lauyar ta rubuta sau biyu. Ya je da ƙafarsa, da sandarsa, aka ce mai sa hannu yana taro, a dawo bayan kaka. Kakarku ta ƙare, ba ku kai ko'ina ba, yanzu kuma wane taro ake yi? Kowane mako da takardar nan ta kwana a teburinku, wani abu yana raguwa a idon matata. A farkon kaka daga kan kujerarta take gane lambar. Yanzu sai ta kusa manna fuskarta da gilashin.

Ranar da muka kalli wasanku na ƙarshe, ƙanƙara tana zuba a filin kamar ana tankaɗen gari, ku kuna ta shan kashi. Ana saura kaɗan a tashi aka danne sabon yaron, ya daɗe bai miƙe ba. Na kai hannu zan tsallake wajen, domin na san zai cire hula. Ta riƙe mini hannu.

"Malam, bar shi ya sha iska," in ji ta. "Ai na san ba shi ba ne. Wanda na haifa bahago ne, hannun hagu yake dafa ƙasa. Ni na yi fama da hannun nan a kan akushi shekara bakwai, ko ba ni da ido zan gane shi."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun wasan farko ta gane. Wata uku tana zaune kusa da ni tana amsa mini, ba ta tambaya ba saboda ba a tambayar ɗan fari, kuma ba ta so ta kama mijinta da ƙarya. Ta ce tana jin muryarsa ranar Juma'a daga kicin, ta san yana raye, ta kuma ji muryar ba ta mai lafiya ba ce. Na tambaye ta to wa take yi wa addu'a duk tsawon lokacin nan. Ta ce duka biyun, shi ma wancan wata ce ta haife shi, wataƙila ma ba ta da mai haɗa mata talabijin. Na faɗa mata komai, gwiwar da sallamar da takardar. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗauki kwalin nan ta shafa shi da hannu, ta shiga ɗaki da shi.

Saboda haka, Mai Girma Shugaba, ga roƙona.

Ka sa a rubuta takardar nan a cikin makon da wasiƙata ta same ka, a sa hannu, a ba Bashir. Ba diyya na nema ba, ba kuma cewa na yi ku mayar da shi ba. Ya gama da ƙwallo, gwiwar ta yanke hukunci. So nake ya gama takardunsa ya yanki bizar Umara ya zo uwarsa ta gan shi tun da sauran haske.

Ku daina sa yara wasa a kan ciwo. In kun rasa mai maye gurbi, ku sha kashin, ai bana kun sha shi ko da hakan.

In za ku ba wani rigar wanda kuka sallama, ku ɗan jinkirta. Ku tambaya. Ba ku san wa ya jingina kwali a gindin talabijin a wata ƙasa ba.

Sannan ku isar da saƙo ga yaron da ke sa sittin da uku yanzu. Ku ce masa wata tsohuwa a Makka ta yi wata uku tana roƙa masa tsari, ba mu riƙe shi da komai ba. Ta ce in tambaya ko ya tashi lafiya daga faɗuwar nan, kuma ko mahaifiyarsa tana raye.

Allah ya ba ku lafiya, ya tsare 'yan wasanku daga karaya da targaɗe, ya sa kaka mai zuwa ta fi ta bana. Allah ya raya muku 'ya'yanku a gabanku, kada ya jarrabe ku da kallon naku ta gilashi. Ni dai ban san ko zan iya sake kallon wasanku ba, amma ban iya yi muku mugun fata ba, kun ciyar da ɗana shekara uku.

Kafin in ba da wasiƙar nan a fassara, na karanta wa mai ɗakina ita daga farko har ƙarshe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce na cika ta da lamba, mutanen nan sun riga sun ba da lambar, in ƙara layi ɗaya daga bakinta. Na ɗauki biro. Asiya tana tsaye a bakin ƙofa, ita ce shaidata.

"Rubuta musu," in ji ta, "su sako mini Bashir. Ina son in ga Bashir."

Sau biyu ta faɗa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, kuma na rubuta muku shi yadda ya fito.

Wassalam.

Isa Tela,
Utaibiyya, Makka.